Ku san Git kafin ku shiga ƙawata edita

Shekaru biyu na farko da na yi ina rubuta manhaja, rabin lokacina wajen sauya edita, wato manhajar da ake rubuta shirin kwamfuta a cikinta, ya tafi. Yau Vim, gobe Sublime Text. Da VS Code ta fito a 2015 sai na koma can, ina ta ɗora mata ƙarin kayan aiki, ina sauya launin rubutu. Git kuwa, wanda ke adana tarihin sauye-sauyen da aka yi wa aiki, kuma shi ke riƙe da duk wahalar da na sha, umarni uku kawai na haddace masa: add, commit, push. Ƙannena, wannan ramin nake so ku tsallake.

Wata rana fayiloli suka cakuɗe mini. Na leƙa intanet, na ga wani ya rubuta git reset --hard, na kwafa na danna, ban tsaya karanta aikinsa ba. Gyaran kwana uku da ban yi wa commit ba, wato ban adana shi a tarihin Git ba, ya tafi nan take. Aka ce mini git reflog yana dawo da abin da ya ɓace. Gaskiya ne, amma abin da aka taɓa yi wa commit kaɗai yake tunawa. Da na yi commit ko sau ɗaya a kwanakin nan, da ban rasa komai na kirki ba. Haka na zauna ina sake rubutawa da ka, kuma wani ɓangaren bai koma yadda yake da farko ba.

Bayan haka ne na zauna na koyi yadda aka gina shi. Linus Torvalds ya rubuta Git a 2005 domin kula da aikin Linux. Kowane commit hoto ne na aikinku gaba ɗaya a wannan lokacin, reshe kuma alama ce kawai da ke nuna wani commit. Ranar da na gane haka tsoron buɗe sabon reshe ya rabu da ni.

Ku riƙa yin commit ƙanana, kowanne da bayanin abin da kuka sauya da dalili. Amfaninsa yana fitowa ranar da matsala ta ɓulla ba ku san tun yaushe ta shiga ba. Umarnin git bisect yana raba tarihi biyu, ya sake rabawa, har ya kamo commit ɗin da ya jawo ta. Ko sun kai 1000, gwaji kusan 10 ya isa. Ni da na gwada shi a tsohon aikina, ya kai ni ga wani ƙaton commit mai fayiloli da yawa, bayaninsa kalma ɗaya: gyara. Bai amfane ni da komai ba.

Na kuma taɓa tura kalmar sirrin rumbun bayanai cikin commit. Share ta daga fayil bai cire ta daga tarihi ba, dole na sauya ta a ranar. Tun daga nan, .gitignore, fayil ɗin da ke gaya wa Git abin da ba zai adana ba, nake fara rubutawa a duk sabon aiki, kuma ba na danna umarnin da ke ɗauke da --hard ko --force, masu iya goge aiki, sai na duba git status, wanda ke nuna gyaran da ba a yi wa commit ba tukuna.