Godiya bayan iskar da ta yaye rufin laburarenmu na shari'a

Alhamdu lillahi. Masu tantancewa daga Majalisar Koyar da Aikin Lauya sun zo, sun duba, sun tafi, kuma a buɗe suka sami ƙofar laburaren tsangayarmu. Duk wanda ya ga hotunan da aka yi ta yaɗawa washegarin da iska ta kwashe mana kwano ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Labarin daren kun ji shi har kun gaji, ni ma jikina bai gama dawowa ba. Godiya ce ta kawo ni, kuma tun yanzu ina neman afuwar duk wanda na tsallake.

Baba mai gadi ne farko. Ya bugo mini waya ruwa na tsuga, bai tsaya jirana ba, ya je ya taso ɗaliban da ke karatun jarabawa a masallaci. Kafin in iso sun yi layi tun daga kantoci har baranda, suna miƙa wa juna littattafai da hasken waya. 'Yan matan aji biyar kuwa hijabansu na salla suka riƙa naɗe kundaye da su. Allah Ya ba ku abin da kuka zo nema, Ya sa a kira ku lauyoyi gaba ɗayanku, babu wanda aka bari a baya.

Akwai waɗanda suka yi mini jaje da cewa ai yanzu komai yana intanet. Na gode, kuma akwai gaskiya a ciki. Muna da rumbunan shari'a na intanet, LawPavilion da HeinOnline, a ɗakin kwamfuta. Rahotannin shari'o'i na mako-mako da marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, in sun jiƙe, kuɗi ne za su mayar da su. Amma ni da na shigo a daren nan ban ko kalle su ba, kantar ƙuryar gabas na nufa. Can ne Dokokin Jihar Arewa na 1963 suke, da tsofaffin rahotannin kotunan Arewa, da littattafan wani alƙali da ya rasu.

Yaran yanzu ba su san da waɗannan littattafan aka kafa wurin nan ba. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, shawararsu ta haifi dokar hukunta masu laifi, wato Final Kod, wadda ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. Dole ta sa alƙalai masu furfura suka koma aji don koyon sabuwar dokar a Kongo, Zariya, inda daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar shari'a a 1962. Marigayi yana cikin waɗanda suka yi wannan zama. Kwafinsa na Final Kod, kusan kowane shafi akwai rubutun ajami a gefe, yana auna sashen doka da abin da littattafan fiƙihun Malikiyya, Mukhtasar ko Tuhfa, suka ce. Da ya rasu iyalansa suka kawo su sadaka, lokacin laburaren nan ɗaki ɗaya ne na aro da kabad biyu. A kansu aka yi ta ɗorawa: Dokokin Tarayya na 1990, sannan na 2004, aka jera komai bisa tsarin jera littattafan shari'a na Elizabeth Moys, wadda ta taɓa riƙe laburaren Jami'ar Legas, har kuɗin asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, suka zo aka yi ɗakin kwamfuta. Ni a wajen kati da akwatin katako na koyi aikin.

Da na ɗaga wannan kwafin sai na ga tawada a tafin hannuna. Tawadarmu ta gargajiya ba ta shiri da ruwa. Wallahi gwiwata ce ta yi sanyi, na tsuguna a cikin ruwan, ɗalibai suna tambayata ina za a kai, ni kuwa bakina ya mutu. Abin da na sani shi ne jiƙaƙƙen littafi a zafin damina kwana biyu ya ishe shi ya fara fumfuna, kuma shanya shi a rana nannaɗe takardar zai yi. Maganin da aka koya mana shi ne a daskarar da shi tukuna, a riƙa fitowa da shi kaɗan-kaɗan ana busarwa. To ina firiza a laburare?

Hajiya mai ƙanƙara da zoɓo ta bakin ƙofa ta hana ni ambaton sunanta. Ban ambata ba, Hajiya, amma kowa ya san ki. Da asuba wata ɗaliba ta je ta yi mata bayani. Tambaya ɗaya ta yi, wai littafin alƙali ne da gaske? Da aka ce mata e, ta kwashe duk abin da ke cikin firizarta ta raba wa yaran da suka kwana suna aiki, ta wanke ta da kanta, ta kawo sabbin ledoji muka saka kowane kundi daban. In an ɗauke wuta ta tayar da janareta da man da ta saya da kuɗinta. Kasuwarta ta tsaya cik a lokacin da ta fi ciniki, kuma da na je da ambulan daga baya, kallon da ta yi mini ya sa na mayar da shi aljihu. Allah Ya buɗa miki ta inda ba ki zato, Ya raya miki zuri'a, Ya kai ki Ɗakinsa, Ya sa wannan ya zame miki inuwa ranar da babu wata inuwa. Allah Ya jiƙan mahaifanki.

Sai Malam mai ɗinkin littattafai, wanda ya yi ritaya tuntuni amma ya dawo da kayan aikinsa ba wanda ya kira shi. Shi ya zauna gaban fanka yana sa farar takarda tsakanin shafi da shafi, yana sauya ta in ta sha ruwa. Yawancin ajamin ya tsira. Shafukan farko dai sun tafi, sai haƙuri. Na gode wa shugaban tsangaya da malaman da suka ba da aron nasu kundayen, da kafintoci, da masu shara, da maman yara da ta riƙa aiko mana da kunu da ƙosai ba tare da ta ce uffan kan rashin ganina a gida ba.

Tsofaffin ɗalibanmu, wasu sun aiko, wasu sun zo da kansu, Allah Ya saka. Wasu kuma, har da masu lambar SAN ta manyan lauyoyi da na sha ƙara wa lokaci bayan an tashi, an tura musu saƙo, mun ga alamar sun karanta. Na san ayyuka sun yi yawa. Amma zumunta a ƙafa take, kuma ɗakin nan gidanku ne.

Ranar Litinin za mu buɗe wa kowa in Allah Ya yarda, sai dai kantar gabas tana kulle har mu gama ɗaukar hoton shafukan marigayi. Jerin juzu'an da suka lalace yana manne a ƙofa ga mai niyyar taimakawa. Wanda kuma ya san akwai littafinmu a gidansa tun yana ɗalibi, ya kawo, babu tara, babu tambaya.