Laraba, ni da tsohuwar wayata

Yau da safe na shirya zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a canza min batir, don wayar nan ta kai inda in na cire ta daga caji da asuba kafin azahar ta mutu, ga bayanta ya kumbura har murfin ya ɗaga ta gefe ɗaya, na ɗaure shi da robar kuɗi. Tun 2021 take hannuna, shekarar da na fara saida turaren wuta a status.

Autanmu ne ya raka ni. A cikin adaidaita ya karɓe ta yana ta latse-latse, can ya nuna min wani layi a cikin setin mai kwanan wata, 1 ga Maris 2023. Ya ce Yaya kin ga wannan, ranar facin tsaro na ƙarshe da aka turo miki kenan, kuma har yanzu Android 11 ce a kai. Na ce to sai me, ai tana kira tana WhatsApp. Ya ce Google na fitar da gyaran ɓarakar da aka gano a Android, amma sai kamfanin da ya ƙera wayar ya ɗauka ya daidaita ya turo, in ya daina turowa shikenan, duk kafar da ɓarayi suka gano bayan ranar nan tana nan a buɗe. Ni kuma duk cinikina a ciki yake, manhajar banki biyu, lambobin OTP, lambobin kwastomomi, har hoton katina na ɗan ƙasa da na ɗauka na manta ban goge ba. Gabana ya faɗi wallahi.

Mai gyaran da ya buɗe ta bai ma tsaya kan maganar tsaro ba, batirin ya ɗaga min ya yi tulu kamar fanke, ya ce Hajiya wannan kike kwana da shi a ƙarƙashin filo? Na yi shiru. Ya sa sabo.

Sai muka zaga shagunan sababbi don in ji farashi kawai. Hmm. Tun da aka saki naira a 2023 komai ya tashi, kuɗin da na sayi wannan da shi yanzu ko rabin irinta ba zai saya ba. Auta sai zuba yake, wai Pixel 8 da Galaxy S24 shekara 7 aka yi musu alkawarin sabuntawa, na ce Auta da kuɗin wa? Ya ce to Galaxy A16 ma shekara 6 ce kuma ba ta kai su tsada ba. Wannan ta ɗan zauna min, don ni a da kyamara da girman memori kawai nake tambaya, ban taɓa sanin waya ma tana da wa'adi ba. 'Yan Landan ɗin da ake ta tallata mana masu sheƙi, ya duba guda biyu, ɗaya ma ta riga tawa tsayawa.

Ban saya ba dai. Jarin turare ba zan taɓa shi ba ana gab da bikin ƙarshen wata.

Da muka dawo ya zauna ya sabunta min duk manhajojin ta Play Store, ya ce su har yanzu suna samun nasu gyaran, ya goge wata ta kallon fim da aka turo min a group na saka ba tare da tunani ba. Bankin da kuɗi suka fi yawa na cire shi gaba ɗaya, layin na mayar cikin 'yar ƙaramar wayata mai tocila, zan dinga tura kuɗi da kod. Kwasar adashena sai wata huɗu, na rubuta waya a gaban sunana a littafi kafin wani ankon ya ɓullo.

Yanzu wata kwastoma ta ce ta turo kuɗin kwalba biyu, na tashi ina ta laluben ƙaramar wayar, ashe Ummi ce ta ɗauka tana haska ƙarƙashin gado da ita.