Yadda muka kai kukan tsadar data daga Nima zuwa gaban hukuma

Sana'ata momo ce, wato tura kuɗi da cire su ta waya, da sayar da kiredit, a ɗan shagona kusa da kasuwar Nima a Accra, Ghana. Mai wannan aiki kullum kunnensa cike yake da ƙorafi. Wannan ya ce bandul ɗinsa ya ƙare tun kafin azahar, waccan ta ce ta kasa tura wa masu sayen atamfarta hotuna a WhatsApp. Mun daɗe muna maganar a majalisar shan ataya, a yi ta faɗa a watse. A 2023 ne mu 'yan kaɗan muka ce gara mu kai kukan inda za a saurare shi.

Wani malamin makaranta a cikinmu ne ya nuna mana cewa kowace ƙofa da mai ita. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCA, ita ke ba kamfanoni lasisi, ita ke sa ido kan ingancin layi. Harajin sadarwa kuwa na Ma'aikatar Kuɗi da majalisa ne: an fara shi a 2008 da kashi 6 cikin ɗari, ya hau 9 a 2019, ya sauko 5 a 2020. Sai muka yi takarda biyu, ta haraji ga ɗan majalisarmu, ta farashi da inganci ga hukuma.

Daga nan sai hujja. Ƙa'ida ita ce ka fara kai ƙara wurin kamfaninka, in bai warware ba sannan ka wuce gaba. Na ajiye littafi a kan tebur. Duk mai ƙorafi, mu rubuta ranar da ya sayi bandul, nawa ya biya, yaushe ya ƙare, mu ɗauki hoton saƙon da kamfani ya turo. Wata dattijuwa mai koko da ƙosai ta miƙo mini wayarta a ɗaure da roba, ta ce, "Ɗana, ni ban iya rubutu ba, duba da kanka. Jikana nake kira a Jamus, ko gaisuwa ba ma gamawa." Na ce, "Hajiya, maganarki ta isa, ni zan rubuta." Ta dangwala yatsa a ƙasan shafin. Irin waɗannan shafuka su suka sa aka zauna da mu aka buɗe takardunmu.

Inda muka yi zazzafan musu a tsakaninmu shi ne batun gasa. A Yunin 2020 hukumar ta ayyana MTN a matsayin kamfanin da ya mamaye kasuwa, ta gindaya masa sharuɗɗa, ciki har da neman amincewarta kan farashinsa. Manufar ita ce kada babba ya karya farashi har ƙananan su mutu. Samarinmu suka ce a rubuta a cire sharuɗɗan, tunda da su ne wasu bandul masu araha suka ɓace. Ban ga laifinsu ba, wanda aljihunsa ke ciwo yau ba ya son jin labarin gobe. Amma a gaban idona Airtel da Tigo suka haɗe a 2017, gwamnati ta karɓe kamfanin a 2021, Vodafone kuma ya koma Telecel. Tun 2011 mutum na iya sauya kamfani da lambarsa, to me ya hana mutane sauyawa? A ɗakunan cikin lungunanmu sau da yawa layi ɗaya ne ke kamawa. Kasuwar da mai tumatir ɗaya ne a cikinta, abin da ya faɗa shi ne farashi. Da ƙyar muka daidaita a kan buƙata: sharuɗɗan su tsaya, amma a matsa wa ƙananan kamfanonin su gyara layinsu a unguwanni masu cunkoso irin Nima da Maamobi, a kuma riƙa bayyana wa jama'a dalili kafin a taɓa farashi.

Daga 1 ga Yuli 2025, bayan sanarwar ministan sadarwa Samuel Nartey George, aka ƙara yawan datar kowane bandul ba tare da ƙarin kuɗi ba, kashi 15 a MTN, kashi 10 a Telecel da AT, wato haɗakar Airtel da Tigo. Ba zan ce takardarmu ce ta jawo shi ba. 'Yan jarida, ɗalibai da masu sana'a a intanet sun daɗe suna matsa lamba, mu murya ɗaya ce a ciki. Na yi murna ƙwarai, sai dai ƙarin da minista ya sanar, wani ministan na iya mantawa da shi. Har yanzu Ghana ba ta da cikakkiyar dokar gasa a kasuwanci, kuma a kanta muke tattara sa hannu yanzu, bayan sallar Juma'a da kuma ranar Laraba da kasuwar Nima ke ci.