Kar a yi filasta sai an duba wayarin

Gidan babanmu da ke Mabera a Sakkwato munka fara gyarawa, za a ƙara ɗaki biyu saboda ƙanena zai yi aure. Ni hankalina duk yana kan bulo da siminti da kwano, wuta kuwa nace ai mai wayarin ya san aikinshi. Sai ran nan da azahar cikin zafin nan na Afrilu da ke wuce digiri 40, warin roba ya cika ɗakin Inna, ashe soket ɗin da anka jona ma esi ne ya narke har bango ya yi baƙi. Allah ya tsare tana tsakar gida tana alwala.

Wani injiniya abokin yayanmu ya zo ya buɗe, yace "Malam wayar ƙwan fitila ce fa anka sa ma esi." Ƴar 1.5 ce a lambar kaurin waya, alhali ko soket 2.5 yake so, esi kuwa 4 ya dace da shi da bureka tashi shi kaɗai, wato abin da ke yanke wuta in ta yi yawa. Wayar ƙasa kuma, wadda ke janye wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa don kar ta kama mutum, babu ita a gidan kwata-kwata, shekara da shekaru haka muke kwana da yara wallahi jikina ya yi sanyi.

A bakinshi na fara jin NEMSA, hukumar tarayya da dokar 2015 ta kafa, ita ke duba aikin lantarki ta gwada ta ba da satifiket, ita ke kuma tantance masu wayarin. Ƙa'ida sabon gida a gwada shi kafin a jona mashi wuta, mu nan Sakkwato daga Kaduna Electric ke nan.

Abin da ya fi tsaya min shi ne lokacin dubawar. Tun fayif na bayyane a bango ya kamata a kira mai dubawa, ya ga kaurin waya da inda anka yi haɗi, in an shafe da siminti sai dai a fasa. Ramin sandar ƙasa ma, wato ƙarfen da ake binnewa a jona mashi wayar ƙasa, ƙasarmu busassa ce, yace a yi shi da zurfi a zuba gawayi da gishiri, kuma da rani za a auna don da damina ƙasa jiƙe take, na'ura sai ta nuna lafiya lau. Mai janareta ko sola dole ya sa makunnin sauya layi, in ba haka ba wutarshi na iya komawa kan fol ta kama ma'aikaci yana gyara.

Ɗakunan nan biyu har yau ba filasta, ango na ta ƙorafi, nace ya yi haƙuri ran Asabar injiniya zai dawo da na'urar gwaji.