Zaman mako, eriya da batir: ayyukan da ke riƙe ƙungiyar rediyon sha'awa

Mai rediyon sha'awa mutum ne da ya karɓi lasisi daga hukumar sadarwar ƙasarsa, aka ba shi lambar kira, yana magana da 'yan uwansa ta iska ba don kuɗi ba. Farkon lambar ke nuna ƙasa. Ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G, ta Kamaru TJ, ta Cadi TT, ta Sudan ST. Waɗannan ƙasashe duka suna cikin yanki na ɗaya na ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, IARU, wadda aka kafa a Faris ranar 18 ga Afrilu 1925, shi ya sa ake bikin ranar masu wannan sha'awa duk 18 ga Afrilu. Masu lasisi a yankinmu ba su da yawa, har mai lambar 5N ko 5U in ya yi kira a zangon rediyo da ake kira mita 20 sai ya ji Turai ta yi masa caa, kowa na son ya rubuta shi a littafinsa.

Ƙarancin nan ne ya sa ƙungiya take da muhimmanci. Mutum ɗaya zai iya sayen rediyo, amma ba zai iya gwada ta shi kaɗai ba. Dole akwai wani a can gefen gari da zai ce masa muryarsa ta fito ko ba ta fito ba.

Zaman mako

Abin da ya fi riƙe ƙungiya shi ne zaman da ake yi a kan iska sau ɗaya a mako, wanda masu harkar ke kira net. Rana ɗaya, lokaci ɗaya, zango ɗaya, ba a canzawa. Bayan sallar isha'i ya fi dacewa, misali takwas da rabi na dare, lokacin da an dawo daga kasuwa da wurin aiki. A ganina gara a yi zaman da mutum uku a kan lokaci da a ɗaga shi don jiran goma, domin wanda ya kunna rediyonsa sau biyu ya ji shiru ba zai kunna na uku ba.

Ana naɗa mai jagorantar zama. Shi zai fara tambaya ko akwai mai amfani da zangon, ya saurara, sannan ya faɗi lambarsa da sunan ƙungiya, ya tambaya ko akwai mai saƙon gaggawa. Daga nan ya karɓi masu shiga. Kowa ya faɗi lambarsa kawai ya saki maɓalli, jagora ya rubuta, ya maimaita jerin don wanda aka tsallake ya yi magana, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Minti biyu ya ishi kowa. Ana iya gaisawa da hira da Hausa in sharuɗɗan lasisi ba su hana ba, amma lambar kira a faɗe ta da sunayen haruffan da duniya ta amince da su, irin su Alfa da Bravo, don wanda ke saurare daga nesa ya gane.

Kurakuran da ke ɓata zama sanannu ne. Sabon shiga yakan fara magana kafin ya gama danna maɓalli, sai kalmar farko ta yanke, galibi kuma ita ce farkon lambarsa. Maganinsa a danna, a jira daƙiƙa ɗaya, a yi magana. Mutum biyu kuma sukan danna tare, muryoyinsu su cakuɗe, shi ya sa jagora kan raba masu shiga unguwa-unguwa. Sai wanda ke cusa bakinsa cikin makirfo yana ɗaga murya, yana zaton hakan zai kai shi nesa. Murya ce kawai ke dagulewa. Tazarar yatsu uku, makirfo ɗan karkace gefen baki, murya irin ta hira.

A riƙa juya jagoranci kowane mako. Ƙungiyar da mutum ɗaya ne kullum jagoranta tana tsayawa ranar da ya yi tafiya.

Zaman cikin gari ana yin sa a zangon mita 2, wato 144 zuwa 146 MHz a yankinmu. Zangon kira shi ne 145.500, don haka a haɗu a nan a koma wani zango kusa. In ƙungiya tana da rifita, na'urar da ke karɓar murya ta sake watsa ta daga wuri mai tsawo, to ana aika mata a 600 kHz ƙasa da inda ake sauraronta. Mai cewa yana jin kowa amma ba a jin sa, kusan kullum ɗayan biyu ne: bai saita wannan tazarar ba, ko bai sa ƙaramin sautin da ke buɗe rifitar ba.

Oba-oba da iyakarta

Yawancin mutane da oba-oba mai arha suke farawa, irin Baofeng UV-5R mai wat 5. Ba laifi, sai dai a gaya musu gaskiya tun farko. Igiyar mita 2 kusan iya inda ido ke kaiwa take tafiya, kuma ɗan eriyar robar da ke kanta rarrauna ce. Tsakanin gine-gine kilomita biyu ko uku ne abin da za a samu. Tsawo ne ke ƙara nisa, ba ƙarfin wuta ba. Lissafin shi ne tushen murabba'in tsayin eriya a mita, sau 4.1, ya ba ka kilomita. Eriya a kan mita 10 tana hango kusan kilomita 13, a kan mita 30 kusan 22, sannan a haɗa da abin da eriyar ɗaya ɓangaren ke hangowa.

Don haka aikin farko da ya kamata ƙungiya ta yi wa sabon ɗanta shi ne eriyar waje. Soket guda na SO-239, sai wayar jan ƙarfe mai tauri guda biyar, kowace santimita 49. Ɗaya a liƙa ta da dalma a tsakiya ta miƙe sama, huɗu a ɗaure su a ramukan gefe a lanƙwasa su ƙasa kamar digiri 45. A ɗora a kan gora ko bututun ruwa a saman rufi. Inda ake yin asara shi ne kebul. Mita 30 na siririn RG-58 a wannan zango yana cinye fiye da rabin wutar kafin ta kai eriya, kuma yana cinye muryar da ke shigowa haka nan. Ko dai a gajarta shi zuwa mita 10, ko a sayi RG-213 mai kauri. A guji kebul ɗin talabijin, shi om 75 ne, rediyo kuma 50 take so, galibi ma sakar jikinsa ta alminiyam ce wadda dalma ba ta kamawa.

Ranar yanka waya

Babu aikin da ke haɗa kan 'yan ƙungiya kamar ranar da aka fita fili aka haɗa eriyar gajeren zango, domin aikin yana buƙatar hannaye da yawa. Mai sauƙin ita ce mai hannu biyu, waya biyu masu tsawo ɗaya da kebul a tsakiyarsu. Tsawonta duka a mita shi ne 143 a raba da zangon da ake so. Na 7.1 MHz ya kama mita 20.14, wato 10.07 kowane hannu. Na 14.2 MHz rabin haka ne, mita 5.03 kowane hannu.

Kayan aiki: wayar wayarin gida mai kaurin 1.5 ko 2.5, guntayen bututun roba uku da aka huda don tsakiya da bakuna biyu, igiyar nailan, tef ɗin awo, filaya, dalma, kebul mai kan PL-259, da mita mai auna SWR. Wannan awon yana nuna yawan wutar da eriya ta ƙi karɓa ta dawo da ita. Ƙasa da 1.5 ya yi kyau. Sama da 2, yawancin rediyoyin zamani da kansu suke rage wuta don kare kansu.

Kada a yanka daidai lissafi. A yanka mita 10.5 kowane hannu, domin ragewa ta fi ƙari sauƙi, kuma wayar da ke da rigar roba takan so ta fi lissafi gajarta kaɗan. A ɗaga ta inda za ta zauna, a nemo zangon da SWR ya fi sauka. In ya faɗo a 6.8 alhali 7.1 ake so, sai a ninka 10.5 da 6.8 a raba da 7.1, ya ba da 10.06, ke nan santimita 44 za a rage a kowane hannu. A naɗe rarar a jikin wayar maimakon a datse, har sai an tabbatar. Santimita 14 a kowane hannu tana motsa zangon da kusan 100 kHz. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a auna eriya tana daidai kafaɗa, a gyara ta tsaf, a ɗaga sama sai awon ya canza. Ƙasa tana shafar ta, haka rufin kwano da tankin ruwa.

In SWR ya ƙi sauka ko'ina, a bar waya a duba kan kebul. Silin gashi ɗaya na sakar waje da ya taɓa wayar tsakiya ya isa ya kashe komai, kuma mitar mai gyaran rediyo za ta nuna shi cikin daƙiƙa. In awon yana canzawa duk lokacin da aka taɓa kebul, ko makirfo yana ɗan ƙona leɓe, wuta ce ke bin bayan kebul tana dawowa ɗaki. A naɗa kebul ɗin sau 10 zuwa 12 a zoben ferit FT240-43 daidai ƙarƙashin tsakiyar eriya. Sannan a nannaɗe mahaɗin da tef sosai, don ruwan damina in ya shiga kebul yana baƙanta sakar, ba ta gyaruwa.

Tsayin da za a ba ta ya danganta da wanda ake son ji. Ga ƙungiyar da ke son haɗa garuruwan da ke tsakanin kilomita 50 zuwa 500, kamar Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi da Damagaram, eriyar zangon mita 40, wato ta 7.1 MHz, a kan tsayin mita 4 zuwa 6 ta fi. Tana harba igiyar sama kai tsaye, ta dawo ƙasa kamar ruwan sama a kewaye, ba ruwanta da dutse ko gini. Da hantsi da la'asar ya fi aiki. Can cikin dare takan tsallake na kusa, sai a sauka zangon mita 80. Mai neman Turai da Amurka kuwa ya ɗaga eriyar zangon mita 20 zuwa tsayin da ya wuce mita 10. A tuna kuma, akwai salon aika murya biyu da ake zaɓa a jikin rediyo, LSB da USB, kuma al'ada ce a yi magana da LSB ƙasa da 10 MHz, USB sama da haka. Wanda ya juya su zai ji murya kamar ta agwagwa.

Wuta

Rediyo mai wat 100 tana jan kusan amfiya 20 lokacin magana, kusan ɗaya lokacin saurare, a kan bolt 13.8. Batir mai 100Ah irin na sola yana ɗaukar aikin yini, muddin ba a zuƙe fiye da rabinsa ba. Abin da ke kashe rediyo a tsakiyar magana sau da yawa siririyar waya ce. Mita 3 na waya mai kaurin 2.5 tana zubar da kusan bolt 0.8 a amfiya 20, batirin da ke kan 12.4 sai ya iso rediyo a 11.6, inda da yawansu ke fara shaƙewa. Mai kaurin 6 kashi ɗaya cikin uku na bolt kawai take zubarwa. A sa fiyus na amfiya 25 ko 30 kusa da kan batir. A kuma yi wa jan waya da baƙa alamar da ba za a rikita ba ko da fitilar hannu, domin juya su sau ɗaya ya isa. In batir ya fara ja baya a rage wuta zuwa wat 50. Wanda ke can ɓangaren da ƙyar zai lura, rabin maki ne kawai a mitarsa.

Hayaniya ita ce babbar matsalar tashar da ke cikin gari. Infata, na'urar cajin sola, ƙwan fitila mai arha da cajar waya duk suna zuba ƙara a gajeren zango. Hanyar gano mai laifi ita ce a ɗora rediyo a kan batir, a kashe wutar gidan gaba ɗaya, a duba mita, sannan a riƙa kunna kaya ɗaya-ɗaya. In da janareto za a yi aiki a fili, a kai shi nesa, kada wayarsa ta bi gefen eriya.

Yanayi ma yana da nasa. Da hunturu busasshiyar iska mai ƙura tana tara wuta a jikin doguwar waya har a ji tana ƙyas-ƙyas a kan kebul, kuma tana iya lalata ƙofar shigar rediyo. Da damina tsawa ce. Ƙa'ida ɗaya ta ishe su duka: an gama aiki, a cire kebul daga rediyo a ajiye kansa nesa da ita. An ji rugugin hadari, a rufe tasha ko ana tsakiyar zama.

Littafi da baƙi

Kowace tasha tana da littafin da ake rubuta kwanan wata, lokaci, zango, lambar wanda aka yi magana da shi da rahoton da aka ba juna, inda 59 ke nufin an ji ka sarai da ƙarfi. Lokacin na UTC ne. Najeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya, Gana daidai take da shi, don haka maganar da aka yi sha biyu da rabi na dare a Sakkwato ta jiya ce a littafi. Wannan kuskuren kaɗai yana hana a tabbatar da haɗuwa da wata tasha. A kuma faɗi rahoton gaskiya. Wanda ya gina eriya jiya yana buƙatar ya san 55 ne, ba a faranta masa da 59 ba.

Hanyar samun sabbin jini mafi sauƙi ita ce taron 'yan sikawut na kan iska, wanda aka fara a 1958, ake kuma yin sa a ƙarshen mako na uku na Oktoba. Ƙungiya ta kai tasha makaranta, mai lasisi ya zauna kusa da rediyo, yara su gaisa da takwarorinsu na wasu ƙasashe gwargwadon yadda dokar ƙasar ta yarda. Kafin a kafa sanda a irin wannan wuri a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro, a riƙe kwafin lasisi a hannu, domin mutane da oba-oba da dogayen wayoyi abin tambaya ne a wannan zamani. A bayyana musu cewa a wannan zango ba a ciniki, ba a sa kiɗa, ba a magana a ɓoye, kowa na iya saurare.

Ƙungiyar da ta ɗan tara kuɗi tana iya duba QO-100, na'urar masu sha'awa da ke kan tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar, wanda aka harba a 2018. Yana tsaye wuri ɗaya a kusan digiri 26 gabas, yana rufe Afirka duka dare da rana. Ana aika masa a 2.4 GHz a saurare shi a 10 GHz, kuma manyan kayan da sauraron ke buƙata su ne faifan dish na talabijin da kansa na yau da kullum da ƙaramar na'urar kama rediyo ta SDR da ake soka wa kwamfuta. Matsalar da za a fara gamuwa da ita ita ce kan dish ɗin yana zamewa daga zango in rana ta dake shi, sai murya ta riƙa gudu. A yi masa inuwa da roba, a kuma saita manhajar ta kama alamar da tauraron ke fitarwa ta riƙa bin ta.