Ku fara da zobe, ba da shafi ba

Ƙannena masu shiga aikin koyar da yara masu lalurar otizim, wadda ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, kada ku fara yadda na fara a wani aji a Bankok, babban birnin Tailan. Littafin kwafi na miƙa wa yaro, na ce ya cika shafi. Ya danna fensir har takarda ta huje, sannan ya shige ƙarƙashin tebur. Na ɗauka taurin kai ne, ashe aikin ne na ɗora masa gaba ɗaya.

Rubutun Tailan yana da baƙaƙe 44. Wasula suna zama a gaban baƙi, ko bayansa, ko samansa, ko ƙasansa, ga alamomin karin sauti 4 da ke hawa can ƙoli, kuma ba a barin fili tsakanin kalmomi. Amma abin da ya fi gajiyar da ƙaramin hannu shi ne ɗan zoben nan da suke kira kan harafi. Daga shi ake fara zana baƙi, in ban da ก da ธ da ba su da shi. Inda zoben ya fuskanta, ciki ko waje, shi ke raba ถ da ภ, ya raba ผ da พ, kamar yadda ɗigo ke raba harafin ba da harafin ta a kan allo. Yaron da yatsunsa ba su gama ƙwari ba, wannan ɗan zagayen kaɗai ya ishe shi aiki.

Saboda haka ku ware zoben shi kaɗai. Ku zuba yashi a faranti, yaro ya zana shi babba da yatsa, yau ta dama, wani satin ta hagu. In an koma takarda, ku sa koren ɗigo inda zai fara, ku ba shi fensir mai kauri.

Kada jerin littafi ya ɗaure ku. Ku bi siffa: wanda ya iya บ, jan jela sama kawai ya rage masa ya samu ป. Masu juyayyen zobe kuwa, ku nisanta su sai ɗaya ya zauna daram. Hoto na taimakawa ƙwarai, tunda kowane baƙi da abinsa: ก kaza, ข ƙwai.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne kama hannu. Nakan zagayo ta baya in damƙe hannun yaro don in taimake shi, ban san wasunsu taɓawar ba-zata na firgita su sosai ba. Ku zauna a gefensa, ku nuna masa tafinku, ku jira. In ya janye, ku ƙyale shi, ku zana naku yana kallo.

Zama ya zama gajere, a lokaci ɗaya kullum, da kati mai hoto da ke nuna masa abin da zai biyo baya. Wasulan sama da alamomin sauti su jira sai baƙaƙe sun tsaya a kan layi.