Abin da adabin Sudan ya koya mini game da yaƙin da ake yi yanzu

Aikina shi ne fassara labaran duniya a wani gidan rediyo, kuma tun ranar 15 ga Afrilu 2023, da faɗa ya ɓarke a Khartum, da wuya mako ya wuce ban rubuta sunan Sudan ba. Jimlolin kusan iri ɗaya ne kullum: sojojin gwamnati ƙarƙashin Janar Abdulfatah al-Burhan sun gwabza da dakarun kar-ta-kwana na RSF, ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti, kuma fiye da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu. Duk wannan gaskiya ne, sai dai mai sauraro yakan tashi da zaton cewa rigimar mutum biyu ce da ta faro rana guda.

Wani ƙagaggen labari ne ya faɗaɗa mini fahimta, wato "Masihu Darfur" na Abdul'aziz Baraka Sakin, marubucin da aka haifa a Kasala a 1963. Littafin ya fito a 2012, a shekarar ce kuma hukumomin Umar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, suka ƙwace littattafan marubucin, shi ma ya bar ƙasar ya koma Ostiriya. A cikinsa akwai wata mata mai sunan maza, Abdurrahman, wadda mayaƙan sa-kai na Janjawid suka hallaka danginta, ta sha alwashin ɗaukar fansa. Akwai kuma samarin da aka tilasta wa shiga soja, ɗayansu yana ɗauke da tabon asalin bauta da jama'a suka ƙi mantawa da shi. Marubucin bai tsaya kan janar-janar ba. Ya zauna ne tare da waɗanda ake turawa su kashe da waɗanda ake kashewa, har mai karatu ya ga yadda raini da maganar asali da rikicin ƙasar noma da kiwo ke zama makami a hannun mai mulki.

Daga nan na fara karanta rahotannin da ke zuwa teburina da wani ido. Rundunar RSF, wadda aka kafa a 2013, daga cikin Janjawid ɗin nan ta fito, waɗanda gwamnati ta bai wa makamai bayan tawayen Darfur na 2003. Don haka kisan da aka yi wa ƙabilar Masalit a El-Jenena a 2023, da ƙawanyar da aka daɗe ana yi wa El-Fasher har zuwa 2025, duka a yankin Darfur, ci gaba ne na abin da littafin ya zayyana shekaru da dama kafin su auku. Abin da ya sauya shi ne wutar da ta daɗe tana cin gefen ƙasa ta iso babban birni, mutanen Khartum suka ɗanɗana abin da mutanen Darfur suka sani tuntuni.

Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin akwai Hausawa masu yawa a Sudan, jikokin mahajjatan da suka yada zango a kan hanyar Makka, kuma a 2022 su ma an zubar da jininsu a jihar Blue Nile a kan tambayar wane ne ɗan ƙasa, wa ke da haƙƙin gona.

Ban ɗauki ƙagaggen labari a matsayin hujja ba, kuma ba zan taɓa sanya abin da ke cikinsa a rahoto ba, domin marubuci yana da ɓangaren da yake jin zafinsa, yana kuma da 'yancin ƙirƙira. Amfaninsa a wurina shi ne ya koya mini tambayoyin da ya kamata in yi. Yanzu idan labarin wani hari ya iso, nakan nemi sanin su wane ne mazauna garin da abin da ya taɓa faruwa a can, sannan in roƙi edita ya bar mini ko da jimla biyu ne in bayyana wa masu sauraro hakan.